Cibiyar Binciken Likitanci ta Yaba da Tarihin Riga-kafin Zazzaɓin Shawara

1.0 Gabatarwa

Kalmar 'shawara' a bakin Bahaushe suna ce ta abin da ido ya gani, wato ido da fitsari su koma rawaya. Ba ta bambance ko ciwon hanta ne ya jawo hakan, ko zazzaɓin da sauro ke yaɗawa, ko wata cuta dabam. Wannan ruɗani bai tsaya ga Hausawa ba, domin ya taɓa rutsawa da manyan likitocin duniya. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin rawar da cibiyar bincike ta Yaba da ke Ikko ta taka wajen warware shi.

2.0 Kafuwar Cibiyar da Aikinta

Tun a shekarar 1900 ayarin Walter Reed ya tabbatar a ƙasar Kyuba cewa sauro ne ke ɗaukar zazzaɓin shawara daga mutum zuwa mutum, amma ainihin ƙwayar cutar ba a kama ta ba. A 1918 wani shahararren masani ɗan Japan, Hideyo Noguchi, ya ce ya gano ta a Ikwado, har aka yi allurar riga-kafi bisa wannan da'awa tasa. Daga baya ne aka fahimci cewa ƙwayar da ya kama ta wata cuta ce dabam, wadda ita ma ke sa ido rawaya.

A cikin wannan hali ne Gidauniyar Rockefeller ta Amurka ta kafa hukumar binciken zazzaɓin shawara ta Afirka ta Yamma a Yaba a 1925, ƙarƙashin Henry Beeuwkes. Babbar matsalar ma'aikatanta ita ce rashin dabbar gwaji, domin dabbobin da suka gwada da farko ba su nuna alamun cutar ba. A tsakiyar 1927 likita Alexander Mahaffy ya ɗebi jinin wani matashi mai suna Asibi a ƙauyen Kpeve na Gwalkwas, wato Gana ta yau, wanda zazzaɓin ya kama amma bai tsananta masa ba. Aka ɗura jinin a jikin wani irin biri da aka kawo daga Indiya, birin ya kamu, ya mutu. Adrian Stokes da Johannes Bauer da Paul Hudson suka ci gaba da gwaji, suka nuna cewa abin da ke kisan yana ratsa matacin da ke tare bakteriya, ke nan bairas ne. Da haka da'awar Noguchi ta rushe.

Aikin bai tafi a banza ba, amma ya ci rayuka. Stokes ya kamu da cutar, ya rasu a Ikko a watan Satumba na 1927. Noguchi da kansa ya zo don kare ra'ayinsa, ita ce ta yi ajalinsa a Ankara a watan Mayu na 1928, kwanaki kaɗan bayan haka William Young da ya yi aiki tare da shi ya bi shi. A 1930 kuma Theodore Hayne ya rasu a Ikko. Asibi dai ya warke.

Ƙwayar da aka samu daga jininsa aka kai birnin New York, inda Max Theiler da Hugh Smith suka yi ta rainonta daga mazubi zuwa mazubi, da farko a tsokar tayin ɓera, daga baya a ta ɗan tsakon da bai ƙyanƙyashe ba, har ƙarfinta ya karye. A 1937 suka fito da riga-kafin da ake kira 17D, wanda har yau shi ake yi wa mutane, allura ɗaya kuma ta wadatar tsawon rai. Theiler ya sami lambar Nobel a 1951. Abin lura shi ne, jinin daga Afirka ya fito, haɗarin ma a nan aka sha shi, amma sarrafa maganin sai a ƙetare.

3.0 Bayan Tafiyar Hukumar

Hukumar ta rufe aikinta a 1934. Harabar ta ci gaba da zama wurin bincike a hannun Turawan mulkin mallaka, sannan gwamnatin Nijeriya, har ta zama cibiyar binciken likitanci ta ƙasa a 1977, wadda ake taƙaita sunanta da NIMR. Ayyukanta sun faɗaɗa zuwa zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da ƙanjamau.

Sai dai samuwar magani a ɗakin gwaji dabam, isarsa hannun talaka dabam. Annobar shawara ta ɓarke a tsaunukan Jos a 1969, shekara 32 bayan samun 17D. Ta sake tashi a yankin Oju na Jihar Binuwai a 1986, ta kutsa Jihar Oyo a shekarar da ta biyo baya. Sai a 2004 aka shigar da allurar cikin jerin riga-kafin yara na yau da kullum a faɗin ƙasa, kuma duk da haka cutar ta sake ɓulla a Jihar Kwara a watan Satumba na 2017, aka koma gangamin yi wa manya da yara allura jiha bayan jiha.