Jinyar Ciwon Damuwa ta Hanyar Gyara Mu'amala: Nazari kan Gwajin Karkarar Yuganda

Tsakure

Maƙalar ta nazarci tsarin jinya ta tattaunawa da ake kira IPT a taƙaice, wanda ke ɗaure ciwon damuwa da halin da zamantakewar mutum take ciki. Ta bi asalinsa a Amurka da yadda ake gudanar da shi, sannan ta auna sakamakon gwajin da aka yi masa a ƙauyukan Yuganda da kuma iyakar abin da sakamakon ke tabbatarwa.

Asalin tsarin

Likitan ƙwaƙwalwa Gerald Klerman da abokiyar bincikensa Myrna Weissman ne suka assasa wannan tsari a birnin New Haven, cikin wani bincike kan masu ciwon damuwa da aka wallafa sakamakonsa a 1974. Littafin jagorarsa ya fito a 1984. Sun ɗora aikinsu kan tunanin masana irin su Harry Stack Sullivan da John Bowlby, waɗanda suka nuna cewa lafiyar zuciya ba ta rabuwa da shaƙuwar mutum da na kusa da shi.

Tsarin bai yi da'awar cewa matsalar zamantakewa ce kaɗai ke haddasa ciwon ba. Abin da ya kafa shi ne, ko mene ne silarsa, ciwon yana tasowa ne a tsakiyar hulɗa da mutane. Wanda damuwa ta kama yakan janye jiki, ya rage magana, ya yi saurin fushi. Na kusa da shi su ɗauka wulaƙanci ne, su ma su ja baya, ciwon ya ƙara samun gindin zama. Idan aka gyara mu'amalar, sai zuciya ta samu sauƙi, sauƙin kuma ya ƙara gyara mu'amalar.

Yadda ake gudanar da shi

Jinyar tana da wa'adi, yawanci mako 12 zuwa 16, zama ɗaya a kowane mako. A zaman farko-farko ana shaida wa mutum ƙarara cewa abin da ke damunsa ciwo ne mai suna kuma mai magani, ba lalaci ko raunin hali ba ne. Wannan bayani kaɗai yakan sauke nauyin zargin kai da mutum ya daɗe yana ɗauke da shi. Daga nan a bi muhimman mutanen rayuwarsa ɗaya bayan ɗaya, a gano abin da ya faru a daidai lokacin da ciwon ya soma.

Ana zaɓar fage ɗaya, ko biyu idan ya yi yawa, daga cikin guda huɗu: rashin wani makusanci ta hanyar mutuwa, saɓani da wani mai muhimmanci, sauyin matsayi a rayuwa kamar mutuwar aure ko ritaya ko rashin lafiya mai tsanani, sai kuma kaɗaici. Ƙarfin tsarin yana cikin wannan taƙaitawa. Mai damuwa yakan ga komai na duniya ya lalace masa, amma da zarar an kama zare ɗaya, sai ya ga akwai abin da hannunsa zai iya kaiwa.

A fagen saɓani ne aikin ya fi fitowa fili. Misali, mace ta zo zama ta ce ta yi wa mijinta magana kan kuɗin cefane amma bai kula ta ba. Mai ba da shawara ba ya wucewa a kan haka. Zai tambaye ta yaushe ta yi maganar, a gaban wa, me ta faɗa kalma da kalma, da wace irin murya, me ya amsa, kuma me ta ji a ranta a lokacin. Sau da yawa sai a tarar ba ta furta buƙatarta ba sam: ta ajiye masa abinci ne ta juya baya, tana jiran ya gane. Daga nan su tattauna abin da take so ya fahimta, su gwada faɗarsa a cikin zaman, ta je ta jarraba a gida, ta dawo da labari mako mai zuwa. Ba a tilasta sulhu. Wani lokaci abin da ke bayyana shi ne zaman ya zo ƙarshe, sai aikin ya koma taimaka mata ta jure rabuwar.

Gwajin Yuganda

A 2003 mujallar JAMA ta wallafa binciken da Paul Bolton da abokan aikinsa suka gudanar tare da ƙungiyar World Vision a ƙauyuka 30 na gundumomin Masaka da Rakai, yankin da cutar ƙanjamau ta yi wa mummunar ɓarna. Kafin komai, masu binciken sun tambayi mutanen wurin yadda suke siffanta damuwa a harshen Luganda, suka kuma gina ma'auninsu a kan haka, har da auna ko mutum yana iya yin ayyukan da al'ummarsa ke sa ran ya yi.

An mayar da jinyar ta rukuni: mutum 5 zuwa 8, maza daban mata daban, zaman minti 90 kowane mako har mako 16. Jagoran kowane rukuni ɗan yankin ne mai jinsi ɗaya da mahalarta, ba likita ba, kuma horon mako biyu ya samu tare da sa ido daga ƙwararru. Kafin a fara, kashi 86 cikin 100 na waɗanda za a yi wa jinyar sun cika sharuɗɗan ciwon damuwa mai tsanani, a ɓangaren kwatanci kuwa, wato waɗanda ba za a yi wa jinyar ba, kashi 94. Bayan kammalawa adadin ya sauka zuwa kashi 6.5 a ɓangaren jinya, ya tsaya a kashi 54.7 a ɗaya ɓangaren. Bibiyar da aka yi bayan wata shida ta nuna sauƙin ya ɗore.

Gyare-gyaren da aka yi wa tsarin sun cancanci kulawa kamar alƙaluman. An ajiye fagen kaɗaici, domin waɗanda aka horar sun ce a irin zamansu na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ba shi ne matsalar ba. Haka kuma a inda al'ada ba ta yarda mace ta tari mijinta da magana kai tsaye ba, an nemi hanyoyin da al'ummar ta riga ta sani, kamar sanya wani babba na dangi a tsakani. Da an dage sai an yi magana ido da ido yadda aka saba a Amurka, da an jefa matan cikin sabuwar fitina.

Iyakar sakamakon

Ɓangaren kwatanci bai samu wani zama na rukuni ba. Saboda haka binciken bai rarrabe abin da dabarun IPT suka yi da abin da haɗuwa kawai da 'yan'uwa masu irin ciwonka ke yi ba. Wani gwaji da Bolton ya jagoranta a sansanonin 'yan gudun hijira na arewacin Yuganda, wanda aka wallafa a 2007, ya nuna sauƙi a fili ga 'yan mata matasa, amma bai nuna haka ga samari ba. Wannan gargaɗi ne ga duk mai shirin ɗaukar tsarin daga wata al'umma ya dasa a wata ba tare da sabon gwaji ba.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin jagorar IPT na rukuni mai zama 8, domin ma'aikatan da ba ƙwararru ba, ta kuma bar kaɗaici a cikin fagagen. Littafin ya sharɗanta sa ido a kai a kai, da tura duk mai tunanin kashe kansa zuwa ga ƙwararre ba tare da jinkiri ba. Haka ma macen da ake duka a gida, tsaron lafiyarta ake fara dubawa kafin a zo ga koya mata dabarun magana.