Shura: itacen da raƙuma ke shiga teku domin su ci

 Kai da ka sayar da tunkiya a kasuwar Muwailih, ka san hanyar da take bi: a loda ta a babbar mota sai Sawakin, daga can jirgin ruwa ya kai ta Jidda. A kan wannan gaɓa ta Bahar Maliya akwai wani itace da yawancinmu ba mu taɓa gani ba, tarihinsa kuma tarihin makiyaya ne. Larabawa suna kiransa shura.

Shura a cikin ruwan gishiri yake tsirowa, cikin laka, a bakin ƙananan mashigai inda igiyar ruwa ba ta da ƙarfi. Gishirin da ya sha ta ganye yake fitar da shi, in ka lasa ganyen za ka ji. Lakar ba ta da iska, shi ya sa saiwarsa ke turo 'yan tsinkaye sama kamar an kakkafa fensir a ƙasa, ta nan yake numfashi. Ɗansa tun yana jikin uwa yake fara tsiro, in ya faɗo ruwa ya ɗauke shi har ya sami wurin kamawa. Tsakanin saiwoyin nan ƙananan kifaye da kaguwa da jatan lande ke girma kafin su fita teku. Saiwoyin kuma suna tare lakar da ƙoramu ke kwasowa daga duwatsu, su hana ta binne murjani.

Kakanninmu sun ga wannan gaɓa. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Mahajjatan ƙafa daga Kano da Katsina da Sakkwato sukan yi shekaru suna aiki a hanya, in sun tara kuɗin jirgi su nufi Sawakin. A 1905 Turawan Ingila suka fara gina Fot Sudan, ciniki ya koma can, gidajen Sawakin na dutsen murjani suka shiga rushewa. Sabon birnin ya yi ta cika da mutane, mutane kuwa sai da itacen girki da sandunan gini, kuma dajin da ke kusa shi ake fara sara.

To amma babban mai cin shura raƙumi ne, kuma akwai dalili. A gaɓar Bahar Maliya ruwan sama da sanyi yake sauka. Da zafi ya shigo ciyawa ta ƙare, daidai lokacin ne kuma tekun ke ja da baya, lakar ta fito fili. Sai makiyayan Beja, irin su Hadandawa, su kora raƙuma cikin shura, domin shi ne ɗanyen ganyen da ya rage. Muddin raƙuman kaɗan ne kuma kwanakin kaɗan ne, itacen yakan farfaɗo. Farin 1984 da 1985 ya ɓata wannan lissafi. Dabbobin Beja sun mutu da yawa, mutane suka sauko daga duwatsu suka zauna kusa da gaɓa, wasu suka koma toya gawayi, dabbobin da suka tsira kuma aka daɗe da su cikin dajin. Raƙumi yana cinye ganye iya tsawon wuyansa, ya haɗa da 'ya'yan, ƙafarsa ta karya tsinkayen numfashi. Babba ya tsumbure, ƙarami bai tashi ba.

Kada ka ɗora wa makiyayi laifin duka. Shura yana son ɗan ruwan daɗi da lakar da ƙoramu ke kawowa. In aka datse ƙorama da madatsa ko titi, ko aka haƙa gonar gishiri a bayan dajin, gishiri ya yi masa yawa ya bushe a tsaye, ko da raƙumi bai taɓa shi ba.

Gwamnatoci sun yunƙura. Ƙasashen Bahar Maliya sun sa hannu a yarjejeniyar Jidda ta kare tekun a 1982. Sudan ta kafa hukumar gandun daji ta ƙasa a 1989. A 2016 UNESCO ta sa mashigin Dungunab da tsibirin Mukawwar, tare da Sanganeb, cikin kayan gadon duniya, kuma akwai shura a Dungunab. Sai dai takarda ba ta tsare itace in mai raƙumi ba shi da abin da zai ba raƙuminsa.

Wannan ne ya sa abin da aka yi a Eritiriya ya cancanci ka ji shi. Wani masanin kimiyya Ba'amurke ɗan asalin Jafan, Gordon Sato, ya lura cewa shura ya fi tsirowa inda ƙorama ke shiga teku, ya gane cewa ruwan tekun ya gaza wasu sinadarai. A ƙauyen Hargigo kusa da Masawa, ya sa aka riƙa shuka irin tare da ƙullin taki cikin leda mai 'yan huji da ɗan guntun ƙarfe, aka katange wurin. Matan ƙauyen suka yi yawancin aikin. Da itatuwa suka girma, sai a yanko ganye da 'ya'ya a kai wa tumaki da awaki a gida. Ya kuma gano cewa shura shi kaɗai ba ya isar tunkiya mai shayarwa, sai an haɗa mata da ɗan garin kifi. Ka ga ba a hana dabba ci ba, ƙafarta aka hana shiga laka. A Senegal ma Haidar El Ali ya fara da mutanen ƙauyen Tobor a Kasamans a 2006, daga baya ƙauyuka ɗaruruwa suka shiga, aka dasa miliyoyi.

Za ka ce ina ruwan ɗan Omdurman da dajin teku? Leƙa bakin Farin Nilu, kusa da Mugran. Dajin Sunut bagaruwa ce da ke tsayawa cikin ruwa duk shekara in kogi ya cika, tana riƙe gaɓa, tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai suna sauka a kanta, kuma tun zamanin Turawa aka keɓe ta. Bayan da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, iskar gas ta yanke, lantarki ya ɗauke, gatari ya shiga dajin ya ci kaso mai yawa. Wanda ya sara don ya dafa wa yara abinci ba mugu ba ne, amma itacen da aka kayar cikin sa'a guda sai ya yi shekaru kafin wani ya maye gurbinsa.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. Kai makiyayi, in ka iso wurin da aka katange don sabon dashe, a teku ne ko a bakin kogi, zagaya da garkenka, in an yarda ka yanki ganye ka fito da shi. Kai ɗan kasuwa, in za ka sari gawayi tambayi daga wane daji ya fito. Ku dattawan unguwa, in masu dashe suka zo, ku ce a zauna da masu dabbobi tun farko, a tsayar da watannin buɗewa da na rufewa kamar yadda ake yi wa burtali da mashaya. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya tsare mana dukiyarmu.