Gwagwaren Ilektron da Halin Maganaɗisu na Ƙarfen Cikin Jini

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda adadin ilektron marasa abokin zama, waɗanda za a kira gwagware a nan, ke tantance halin maganaɗisu na haɗin sinadarai. An ɗauki himogulobin a matsayin misali, kuma an nuna cewa awon sifiri ba kullum yake nufin babu gwagware ba.

Gabatarwa

Kowane ilektron yana da juyi, juyin nan kuwa shi ke mayar da shi ɗan ƙaramin maganaɗisu. Idan biyu suka shiga gurbi ɗaya, juyinsu kan saɓa wa juna, ƙarfinsu ya soke. Sinadarin da duk ilektron ɗinsa suke bibbiyu dayamaganetik ne, maganaɗisu na ɗan ture shi. Mai gwauro ko da guda ɗaya faramaganetik ne, ana jawo shi. Ana kiyasta ƙarfin da lissafin μ = √(n(n+2)), inda n ke nufin adadin gwagware: ɗaya ya ba da 1.73 a ma'aunin maganeton na Bohr, huɗu 4.90, biyar 5.92.

Ƙarfe da maƙwabtansa

Ƙarfe a siffar Fe²⁺ na da ilektron shida a gurabun d guda biyar, waɗanda maƙwabtansa kan raba zuwa na ƙasa da na sama. Idan ƙwayoyin ruwa shida ne suka kewaye shi, tazarar da ke tsakanin gurabun ƙasa da na sama ba ta da yawa, sai ilektron su bazu, huɗu su zauna gwagware. Idan kuwa sayanayid ne, tazarar kan faɗaɗa, duka shidan su cunkushe a gurabu uku na ƙasa. Ƙarfen bai sauya ba, maƙwabta ne suka sauya.

A 1936 Linus Pauling da Charles Coryell suka auna jini, suka tarar himogulobin da ba ya ɗauke da oksijin faramaganetik ne, da gwagware huɗu a kowane ƙarfe, amma da zarar ya kama oksijin sai ya koma dayamaganetik. Abin mamakin shi ne iskar O₂ kanta gwagware biyu gare ta. Wato shida suka hallara, aka auna, ba a ga ko ɗaya ba.

Tattaunawa

Pauling ya fassara sakamakon da cewa kowane ilektron ya sami abokin zama. A 1964 Joseph Weiss ya kawo wata fahimta: ƙarfen ya miƙa wa oksijin ilektron ɗaya ya zama Fe³⁺, kowane ɓangare ya rage da gwauro guda, juyinsu ya saɓa, suka soke juna. Duka bayanan biyu sifiri suke bayarwa a kan ma'auni, don haka awon maganaɗisu kaɗai ba zai raba gardamar ba. A ganinmu nan ne littattafan koyarwa da dama ke gaggawa, suna gabatar da lissafin μ tamkar shi ne alƙali na ƙarshe.

Akwai shaida daga wani wuri. Asitet na tagulla, mai gwauro ɗaya a kowace tagulla, ya kamata ya ba da kusan 1.73, amma a zafin ɗaki kusan 1.4 ake samu, yana ƙara raguwa idan an sanyaya shi. Bleaney da Bowers sun nuna a 1952 cewa tagullar biyu-biyu take zama, juyin kowace na danne na 'yar'uwarta.

Bambancin maganaɗisu tsakanin himogulobin mai oksijin da marar oksijin yana da amfani a asibiti. A kansa Seiji Ogawa ya dogara a 1990 wajen ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da na'urar MRI. Haka kuma ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, idan ta ci himogulobin, takan tara ragowar a matsayin himozoyin, wanda ƙarfensa Fe³⁺ ne mai gwagware biyar. Shi ya sa ake iya ware jajayen ƙwayoyin jinin da suka kamu ta hanyar bi da su ta cikin filin maganaɗisu mai ƙarfi.