Lofen Yumɓu da Abokan Gasarsa

Manomin da ke noma a gefen wani kufai a gundumar Agye ko ta Gazawa, wani lokaci hauyarsa takan tono ɗan guntun gasasshen yumɓu mai lanƙwasa kamar gwiwar hannu, da rami biyu, babba da ƙarami, cikin babban ya yi baƙi ƙirin. In dattijo ne zai gane shi nan take: kan lofe ne, abin da wasu ke kira tukunyar taba. In yaro ne, sai ya jefi tsuntsu da shi. Wannan ɗan tsingaro yana da tarihi, kuma tarihin nasa ya fi fitowa sarari idan aka ajiye shi kusa da lofunan da Turawa suka shafe fiye da ƙarni guda suna gardama a kansu.

Taba dai baƙuwa ce. Daga nahiyar Amurka ta fito, ta iso Afirka ta Yamma wajen ƙarshen ƙarni na 16. Marubutan tarihin Maroko sun ruwaito cewa masu kiwon giwayen da aka aika wa Sarki Ahmad al-Mansur daga ƙasar Sudan a shekarun 1590 su ne suka shigar da shan hayaƙinta can. Ba a jima ba malamai suka rabu a kan hukuncinta, har Ahmad Baba na Tumbutu ya rubuta fatawa a 1607 yana halatta ta. Da ta sami gindin zama a ƙasar Hausa, fadamu suka karɓe ta, kuma kwarin Gulbin Maraɗi, wanda ya ratsa gundumar Gidan Rumji ta yau, ya shiga cikin wuraren da aka sani da nomanta bayan janyewar ruwa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya bi ta Tasawa da Gazawa a watan Janairun 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Katsina, ya shaida cewa tabar Katsina tana da daraja har a kasuwar Tumbutu.

Turawa ma da yumɓu suka fara. Farin lofe mai dogon wuya, wanda ake ginawa kai da bututu a haɗe, shi ne na kowa a Ingila da Holan tun ƙarni na 17, kuma jiragen ruwa sun yi ta sauke shi a gaɓar Afirka ta Yamma. Aibinsa biyu: yana zafi a hannu, kuma faɗuwa ɗaya ta ishe shi. Masu hali sai suka koma ga wani farin dutse marar nauyi da ake haƙowa a kewayen Eskishehir ta ƙasar Turkiyya. Jamusawa suka sa masa suna mirsham, wato kumfar teku, Faransawa ma suka fassara sunan zuwa harshensu. Yana da laushi in yana da danshi, don haka masassaƙan birnin Biyana suka riƙa fitar da kawunan sarakuna da na dawaki daga jikinsa, su tsoma shi cikin kakin zuma. Dutsen yana tsotse danshin hayaƙi, shi ya sa da shekaru yakan rikiɗe daga fari zuwa ruwan zuma, daga nan zuwa ruwan goro. Wannan rikiɗa ita ce abin alfaharin mai shi, har wasu ba sa yarda su riƙe kan da tafin hannu don kada ya yi tabo.

Wajen shekarun 1850 wani abokin gasa ya fito daga garin Sen Kulod na Faransa: kututturen saiwar wani ɗan itace da Faransawa ke kira buruyer, mai tsiro a busassun tuddan Korsika da Italiya da Girka da Aljeriya. Ana dafa kututturen cikin ruwa don a fitar da ɗacinsa, a shanya shi watanni, sannan a sassaƙa. Yana jure wuta, ba ya fashewa da sauƙi, yana shiga aljihu. Masu son sa sukan bar toka ta yi ɓawo a cikinsa don ta kare itacen. Masu sukarsa kuma sukan ce ai wannan ɓawon ne ke riƙe ɗanɗanon tabar jiya ya gurɓata ta yau, abin da kumfar teku ba ta yi. A nan gardamar take har yanzu: wannan ya ce ƙarko, wancan ya ce tsabtar ɗanɗano. Talakan Amurka bai shiga ba, domin tun 1869 wani mai suna Henry Tibbe ya fara ƙera lofe da totuwar masara a jihar Mizuri. Abin da zai ba Bahaushe dariya shi ne, lofen da ya zama na ƙasaita a Ingila bayan yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902, wuyan duma ne kurum aka dasa wa kan kumfar teku.

A ƙasar Hausa ba a yi irin wannan gardama ba, kuma ina ganin dalilin yana cikin ƙirar lofen kansa. Namu kashi biyu ne. Kan yumɓu daban, bututun da ake soka masa daban, na kara ko na icce ko na ƙarfe. Tsawon bututun shi ke sanyaya hayaƙi, kuma shi hannu ke riƙewa, saboda haka zafin yumɓu, wanda ya kori Bature zuwa ga dutse da saiwa, bai zama matsala ba. In kan ya fashe, a sayi wani ran kasuwa a soka a tsohon bututu. In ya toshe da dauɗar taba, a tura shi cikin garwashi ya fito fes, abin da ba mai hankalin da zai yi wa buruyer. Wanda ke son ado, a jikin bututun yake yin sa, baduku ya naɗe masa shi da jan fata. Masu wadata a wasu ƙasashe sun yi na tagulla, kamar sarakunan Bamun na Fumban a Kamaru, amma wannan kayan fada ne. Zaɓin Bahaushe na gaskiya a kan tabar yake: ta wace fadama ce, yaya aka shanya ta, tana da ƙarfi ko salam ce.

Abokin gasar lofe a nan ma ba wani lofe ba ne. Garin taba ne da ake haɗawa da kanwa a zuba a batta, a riƙa ɗiba ana cusawa a leɓe. Ba ya neman ƙyastu ko garwashi, ba ya hana hannu aiki a gona, kuma ba ya tona asirin mai shi da hayaƙi. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a inda malamai da yawa suka ƙyamaci taba: daular Masina ta Shehu Ahmadu ta haramta ta, ɗariƙar Tijjaniyya ma ta hana mabiyanta. Mata kuwa furen tabar suka ɗauka suna goge haƙora da shi tare da goro. Sai sigari ya zo ya gama da abin da ya rage. An buɗe masana'antarsa a Zariya a 1959, kuma a shekarun 1970 da 1980 Maraɗi ta zama babbar mashigar katan-katan na sigarin waje zuwa Najeriya, kamar yadda Emmanuel Grégoire ya nuna a bincikensa kan alhazan birnin. Lofen buruyer da aka riƙa gani a bakin wani kwamanda ko wani ma'aikacin da ya yi karatu a Faransa bai taɓa sauka ƙauye ba. Ba na kukan rashin hayaƙin. Cutar taba ba ta tambayar ko yumɓu ne ko dutse, kuma dokar yaƙi da shan taba da Nijar ta kafa a 2006 ta zo a kan gaɓa.

Abin da ya dame ni shi ne tsingaron. Aibin da aka raina yumɓu saboda shi, wato saurin fashewa, shi ya mai da shi shaida. Lofen da ake gadon sa yakan yi shekara hamsin yana yawo daga gari zuwa gari; na yumɓu kuwa kusan inda aka sha shi nan yake mutuwa, kuma ƙasa ba ta cin sa. Tun da taba ba ta riga ƙarshen ƙarni na 16 isowa ba, masu binciken kufai sun mai da shi ma'auni: ƙasar da aka sami kan lofe a cikinta ba ta girmi wajen shekarar 1600 ba. Thurstan Shaw ya yi rubutu a kan wannan a 1960, Paul Ozanne kuma ya jera lofunan yankin Akara bisa sauyin siffar gindinsu har ya iya bambanta na farkon zamani da na baya.

Yankinmu yana da buƙatar irin wannan aiki ƙwarai, domin ƙasa ce ta ƙaura. Bayan jihadi Katsinawa suka kafa Maraɗi, Gobirawa suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, garuruwa da yawa suka tashi wasu suka zauna, kuma labarin baka yakan haɗe kufai biyu ko uku ya mai da su ɗaya. Kufan da lofe ya yawaita a cikinsa da wanda aka tona ba a ga ko ɗaya ba, da wuya su zama tsara, ko da yake rashin gani a tono ɗaya ba hujja ba ce. Malamin makaranta a Gangara ko Cadawa ko Sae Sabuwa ba ya buƙatar kuɗin kowa kafin ya fara. Ya ce wa ɗalibai su kawo abin da aka tsinta a gona, a rubuta sunan gonar da na kufan da ke kusa, da zurfin da aka same shi, a zana siffar gindin da zanen da ke jikinsa, a ajiye kowane guntu da takardarsa a kwali daban. Sannan a kai su gaban tsofaffin magina, tun suna da rai, a tambaye su hannun wane gari ne wannan.