Daga Madafin Fanny Hesse Zuwa Ƙwaryar Nono

Mai karatu, idan aka ɗebo nono daga kasuwar Shagari ko ta Bodinga aka kai ɗakin gwaje-gwaje a Sakkwato, ta yaya kake jin ake gane ko akwai ƙwayoyin cuta a ciki? Ido ba ya ganinsu, don haka ake ba su abinci a faranti, a ɗumama su kwana guda a zafin digiri 37, su hayayyafa har su fito ɗigo-ɗigo. Wannan abincin kuwa yana da tarihi.

A 1881 Robert Koch, likitan nan na Jamus, yana daskarar da romon nama ne da jelatin. Sai dai jelatin yakan narke kafin zafi ya kai na jikin mutum, wasu ƙwayoyin ma cinye shi suke yi. Da a bazarar Shagari ne, ai farantin zai koma romo tun kafin azahar! Fanny Hesse, matar wani abokin aikin Koch, ita ta kawo shawarar agar, wani abu da ake samu daga ciyawar teku, wanda take daskarar da kayan zaƙi da shi a madafinta. Shi ba ya narkewa sai zafi ya kai kusan digiri 85. Koch ya ambaci agar a rubutunsa na 1882, bai ambaci sunanta ba. A 1887 Julius Petri ya ƙara da faranti mai murfi.

To, an sami gona, amma shuka da ciyawa duk suna tsirowa tare. A wajajen 1900 Alfred MacConkey, wanda ke binciken gurɓatar ruwan sha a Ingila, ya zuba gishirin madaciya don ya danne ƙwayoyin da ba na hanji ba, ya ƙara sukarin madara da rini. E. coli tana cin sukarin, sai ta fito da ruwan hoda. Salmonella ba ta ci, sai ta fito fayau, kamar wasu ƙwayoyin da yawa. Wannan ruɗanin ne Welton Taylor, baƙar fatar Amurka, ya rage a 1965 da farantin XLD, inda Salmonella kan fito ja da baƙin ɗigo a tsakiya.

Ga inda gizo ke saƙa: Staphylococcus aureus, wadda kan shiga abinci daga hannu ko hancin mai damawa ta jawo amai, ba ta tsirowa a farantin MacConkey. Ita sai faranti mai gishiri sosai, kashi 7.5 cikin 100, irin wanda George Chapman ya fito da shi a 1945.

Saboda haka duk ranar da ka ji an ce an gwada nono ko fura ba a sami komai ba, ka tambaya: a wane faranti aka shuka? Kowanne abin da aka yi shi dominsa yake nunawa, kuma yaron da zai sha nonon ƙwaryar gaba ɗaya zai shanye.