Orient Express: Tarihin Jirgin Ƙasan Alfarma daga Faris zuwa Santambul

Orient Express jirgin ƙasa ne na fasinja da ya fara aiki a 1883 tsakanin Faris, babban birnin Faransa, da birnin da Hausawa suka daɗe da sani da sunan Santambul, fadar sarkin Turkawa a wancan zamani. Ban da shekarun yaƙe-yaƙen duniya biyu, ya yi ta kai da komo tsakanin biranen nan har 1977. A cikin jiragen ƙasan da ake shiga don jin daɗin tafiya da kallon ƙasa, shi ne uba, kuma duk inda aka ƙawata tarago a yau da shi ake gwadawa.

Mafari

A tsakiyar ƙarni na 19 layin dogo ya riga ya karaɗe yawancin Turai, amma doguwar tafiya a kansa azaba ce. Kowace ƙasa da kamfanoninta da dokokinta. Matafiyi ya kwana a zaune, in an kai iyaka ya sauko da kayansa ko da tsakar dare ne, 'yan kwastan su bincike shi, sannan ya nemi wani jirgin. Abinci kuwa sai an tsaya a tasha, a ci hannu baka hannu ƙwarya kafin a busa usur.

Amurkawa ne suka fara samo bakin zaren. George Pullman ya fito da taragon kwana mai suna Pioneer a 1865, ya kafa kamfaninsa a 1867, ya ɗauki baƙaƙen fata, da yawansu 'yantattun bayi, su yi wa fasinjoji hidima dare da rana. A ƙarshen shekarun 1860 wani matashi ɗan Beljiyam, Georges Nagelmackers, ɗan gidan masu banki a garin Liège, ya je Amurka ya kwana a taragun Pullman, ya koma gida abin na ransa. Sai dai ya san halin mutanensa: attajirin Turai ba zai kwanta a buɗaɗɗen tarago, labule kawai tsakaninsa da wanda bai sani ba. Saboda haka nasa taragun ya yanka su ɗaki-ɗaki, kowane da ƙofarsa. A 1876 ya kafa kamfanin Wagons-Lits, wato taragun kwana, da goyon bayan Sarki Leopold na biyu na Beljiyam, wanda daga baya ta'asar da aka yi wa mutanen Kwango a ƙarƙashinsa ta ɓata sunansa har abada.

Kamfanin bai mallaki layin dogo ko kan jirgi ba. Taragu da ma'aikata su ne jarinsa. Hukumomin jiragen ƙasashe su ja masa taragun a kan layinsu, su karɓi kuɗin tikitin aji na ɗaya, shi kuma ya karɓi ƙarin kuɗin gado da abinci. Babban aikin da Nagelmackers ya sha shi ne shawo kan ƙasashen da ba sa ga maciji da juna, irin Faransa da Jamus da suka gwabza yaƙi a 1870, su bar tarago ɗaya ya ratsa ƙasarsu ba tare da an tada mai barci ba. Masu ba da labarin jirgin sun fi son zancen labulen siliki da cokulan azurfa, amma a gaskiya wannan barcin da ba a katsewa shi ne abin da fasinja ya biya kuɗinsa a kai.

Tafiyar farko

Jirgin ya soma aiki a watan Yuni 1883, amma tafiyar da tarihi ya riƙe ita ce ta bikin buɗewa, ranar 4 ga Oktoba na wannan shekara. Ya tashi daga Faris da taragun kwana biyu, na cin abinci ɗaya, na kaya biyu, da baƙi kimanin 40: jami'an gwamnatoci, manyan ma'aikatan jiragen ƙasa, da 'yan jarida, cikinsu har da marubuci Edmond About da Henri de Blowitz, wakilin jaridar Times ta Landan. Suka bi ta Strasbourg, Munich, Viyana, Budapest da Bukarest. A ƙasar Hungari makaɗa suka shiga taragon cin abinci, aka kawar da teburan aka yi ta rawa jirgi na gudu. A Romaniya Sarki Carol na ɗaya ya karɓi baƙin a Sinaia.

A garin Giurgiu, bakin kogin Danube, daɗi ya ƙare. Aka sauko aka shiga jirgin fito zuwa Ruse a Bulgeriya, aka hau wani jirgin ƙasa na gama-gari zuwa Varna, daga nan jirgin ruwa ya ratsa da su Bahar Aswad zuwa Santambul. Blowitz bai dawo hannu wofi ba, don ya samu ganawa da sarkin Turkawa Abdulhamid na biyu, abin da ba kasafai ɗan jaridar waje kan samu ba.

Sai a 1888 aka gama haɗa layin ta Belgrade da Sofiya, daga 1889 jirgi ya riƙa isa Santambul kai tsaye cikin ƙasa da kwana uku. A 1890 aka buɗe tashar Sirkeci a bakin ruwa, a 1891 aka tabbatar wa jirgin da sunan Orient Express, sannan kamfanin ya gina otal ɗin Pera Palace, wanda aka buɗe a 1895, don kada fasinjansa ya sauka daga daula ya rasa masauki irin nasa.

Cikin tarago

Ɗakin fasinja ƙarami ne, taku biyu ka kai bango. Da rana doguwar kujera ce mai laushi kusa da taga, da ɗan tebur da fitila. Yayin da mai ɗakin ya tafi cin abincin dare, sai kwandasta ya shigo ya juya kujerar ta zama gado, ya ɗaga majinginarta ta zama gadon sama in ɗakin na mutum biyu ne, ya shimfiɗa farin zanen gado mai guga. A kusurwa akwai wani abu kamar kabad, in ka buɗe sai ka tarar da kwanon wanke fuska da madubi da tawul. Bayan gida yana ƙarshen tarago.

Kowane taragon kwana da kwandastansa, kuma wannan mutum ya cancanci a tsaya a kansa. Da dare yakan karɓi fasfo da tikitin kowa, ya zauna a kan 'yar kujera a ƙarshen lungun taragon. In an tsaya a iyaka shi zai fuskanci jami'ai da harshensu, don haka dole ya iya harsuna da dama. Shi zai ƙara kwal a murhun da ke ɗumama taragon da ruwan wanke fuska. Wanda ya danna ƙararrawa da tsakar dare, shi zai tashi ya amsa. Haka zai yi kwana uku, ya ɗan huta, ya juyo. A taragon cin abinci kuma, cikin wani ɗan siririn kicin da ke jijjiga, kuku da yaransa suke fitar da abinci kala-kala kamar na manyan otal-otal na Faris. Duk ƙasaitar jirgin a wuyan waɗannan mutane take.

Hanyar ba ta rasa haɗari ba. A 1891 'yan fashi suka kautar da jirgin daga kan layi kusa da garin Çerkezköy, suka yi garkuwa da wasu fasinjoji, sai da aka biya kuɗin fansa.

Yaƙi da zamanin tashe

Yaƙin duniya na ɗaya ya tsayar da jirgin a 1914. A cikin wani taragon cin abinci na kamfanin Wagons-Lits mai lamba 2419, a dajin Compiègne, Jamus ta sa hannu a yarjejeniyar tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba 1918. Jamusawa ba su manta da wannan ƙasƙanci ba. A watan Yuni 1940 Hitler ya sa aka fito da taragon daga gidan da aka ajiye shi, aka mayar da shi daidai inda yake a da, Faransa ta sa hannun miƙa wuya a cikinsa. Aka kai shi Jamus, a can ya ƙone a 1945.

Bayan yaƙin farko ƙasashen da suka yi nasara suka so hanyar da ba ta taka ƙasar Jamus. Ramin Simplon, mai tsawon kusan kilomita 20 a ƙarƙashin duwatsun Alps, an buɗe shi tun 1906, sai aka bi ta nan. A 1919 Simplon Orient Express ya fara aiki ta Lausanne, Milan, Venis, Trieste da Belgrade. Ta wannan hanya fasinja ke ganin tafkunan Suwizalan da Italiya da ƙanƙara a kan tsaunuka. A shekarun 1920 taragun katako suka ba na ƙarfe wuri, masu launin shuɗi da rubutun ruwan zinare. Daga 1930 kuma, wanda ya ƙetare ruwa a Santambul yana iya hawa Taurus Express ya nufi Halab, ya ci gaba zuwa Bagadaza ko Alƙahira.

A farkon 1929 dusar ƙanƙara ta binne jirgin kwanaki da dama kusa da Çerkezköy. Agatha Christie, wadda ta fara shiga jirgin a 1928, ta gina littafinta Murder on the Orient Express na 1934 a kan jirgin da ƙanƙara ta tsare. Graham Greene ya riga ta da littafinsa Stamboul Train a 1932. Littattafan nan da fina-finan da suka biyo baya su suka kai sunan jirgin kunnen miliyoyin da ba su taɓa ganinsa ba.

Faɗuwa da farfaɗowa

Bayan yaƙi na biyu Turai ta rabu gida biyu, iyakokin gabas suka yi tsauri, bincike ya dawo. Jirgin sama kuma ya mayar da tafiyar kwana uku ta sa'o'i kaɗan, masu hannu da shuni suka koma can. A 1962 aka maye gurbin Simplon Orient Express da wani jirgi mai tafiyar hawainiya, Direct Orient Express, wanda akasarin fasinjansa ma'aikata 'yan ci-rani ne da ɗalibai. Marubuci Paul Theroux ya hau shi a 1973 ya tarar ko taragon cin abinci babu. A watan Mayu 1977 jirgi na ƙarshe ya bar Faris zuwa Santambul. Sunan ya ci gaba a kan gajerun hanyoyi, har Disamba 2009 da aka soke na Strasbourg zuwa Viyana.

A 1977 ɗin dai, wani ɗan kasuwa Ba'amurke, James Sherwood, ya sayi tsofaffin taragu biyu a gwanjo a Monte Carlo. Ya bi Turai yana tsinto sauran inda aka yasar da su, ya sa masassaƙa da masu ɗinkin kujeru suka mayar da su yadda suke. Ranar 25 ga Mayu 1982 Venice Simplon-Orient-Express ya yi tafiyarsa ta farko daga Landan zuwa Venis. A nan tarihin ya juya: jirgin Nagelmackers ya yi suna ne don shi ya fi saurin kai mutum Santambul, na Sherwood kuwa tafiyar kanta yake sayarwa, ga wanda ba ya sauri. A kan wannan turba sauran suke, irin Palace on Wheels na Indiya da ya fara a 1982, da Rovos Rail na Afirka ta Kudu a 1989, da Rocky Mountaineer na Kanada a 1990.

Kamfanin Belmond ne ke gudanar da Venice Simplon-Orient-Express yanzu. Galibin tafiyarsa kwana ɗaya ce ta ratsa Alps, amma yana yin doguwar tafiyar Faris zuwa Santambul mai dare biyar, da yada zango a Budapest da Bukarest. Ba a zama cin abincin dare sai da shigar alfarma. An ƙara manyan ɗakuna masu wurin wanka, amma tsofaffin ɗakunan na shekarun 1920 suna nan da kwanon wanke fuska a cikin kabad, da ma'aikacin da ke shigowa ya juya kujera ta zama gado kafin fasinja ya dawo daga cin abinci.