Daga garmaho zuwa sawunkad: karanta wannan kafin ka sayi kayan situdiyo



Yau da kai nake, kai da ka tara 'yan kuɗinka, ko na albasar da ka sayar a Aliero, ko na cajin waya da turin waƙoƙi a tashar Jega, kana son ka kama shago ka buɗe ɗan situdiyo. A zo a yi tallar kanti, a ɗauki waƙar biki, a rera bege, a naɗi karatun malam, in kakar siyasa ta zo kuma a samu rabo. Kafin ka tura wa wani kuɗi Kano ko Legas ya haɗo maka kaya, zauna mu ɗan koma baya. Tarihin naɗar murya zai nuna maka inda ya kamata kuɗinka su tafi, don da yawa daga masu farawa kan abin da ke ƙyalli suke ƙarar da jarinsu.

A 1877 ne Thomas Edison ya ƙera na'urar da ke ɗaukar murya ta maimaita ta a Amurka. Bayan shekara goma Emile Berliner ya fito da faifai mai faɗi, wanda ya zama garmahon da kakanninmu suka sani. Har zuwa 1925 ba a sa makirfo wajen ɗauka. Mawaƙi zai tsaya ne gaban wani ƙaton ƙaho mai kama da mazurari ya ware murya, ƙarfin muryar ya girgiza allura, allurar ta yi zane a kan kaki. Faifan kuma minti uku da 'yan kai yake ɗauka a kowane gefe. To ka ƙiyasta makaɗin fada da ke kwashe rabin awa kan waƙa guda, 'yan amshi na karɓa, a ce ya matse ta cikin minti uku.

A wancan zamanin naɗar murya aikin kamfani ne da gwamnati. Nan Arewa, gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 da kamfanonin faifai irin su EMI su ne ƙofa. Su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos sun samu shiga. Makaɗin ƙauye kuwa, wanda ya ji shi a dandali ya ji, wanda bai ji ba sai labari.

Kaset ne ya ɓalle wannan ƙofar. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da shi a 1963, kafin shekarun 1980 kuma rakoda mai batir ta shiga ko'ina, har rugar Fulani. Duk wanda ya tasa a lokacin ya san rumfar mai kaset a tasha: rakoda mai baki biyu, a sa na asali a wannan, a sa sabo a wancan, a danna ja, ka biya ka tafi. Ba sai mun je nesa neman misali ba. Muhammadu Gambu na Fagada, a nan ƙasar Maiyama, wanda aka sani da mai waƙar ɓarayi kafin daga baya ya tuba ya bari, kaset ne ya kai muryarsa garuruwan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Haka waƙoƙin Sani Aliyu Ɗandawo na Yauri suka yi ta yawo daga mota zuwa mota.

In kana da irin waɗannan tsofaffin ɗauka a memorinka, sa abin sauraro a kunne ka saurara da kyau. Za ka ji shuuu ɗin nan na kaset, wanda ke ƙaruwa duk lokacin da aka kwafa daga kwafi. A wasu za ka ji surutun jama'a, ko tarin wani a gefe. Amma lura da abu ɗaya: duk inda aka ajiye rakodar kusa da bakin mawaƙi, kalmominsa sun fita tar, ko da na'urar ta arha ce. Inda aka ajiye ta nesa kuwa, kalangu ya danne komai. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A 1979 kamfanin TASCAM na Japan ya fito da Portastudio 144, akwati guda da ke ɗaukar layin sauti huɗu daban-daban a kan kaset na gama-gari. Wato ka ɗauki kiɗa yau, gobe ka ɗora murya, jibi amshi. Da irin wannan akwatin da makirfo biyu ƙirar Shure SM57 wani babban mawaƙin Amurka, Bruce Springsteen, ya ɗauki waƙoƙi a ɗakin gidansa a 1982. Ya je ƙaton situdiyo ya sake su, bai ji sun yi masa ba, ƙarshe na ɗakin nan aka fitar wa duniya da sunan Nebraska.

Namu juyin ta Kano ya biyo. Bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990, harkar finafinai ta buɗe kasuwar waƙa, zuwa ƙarshen shekarun 1990 kuma fiyanon Yamaha jerin PSR ya maye gurbin taron makaɗa: mutum ɗaya ya zauna ya fitar da ganga da sarewa da goge da yatsunsa. Sai kwamfuta ta zo ta haɗiye fiyanon shi ma. Manhajar FruityLoops, wadda ta koma FL Studio a 2003, da Audacity da aka saki kyauta a 2000, suka mayar da laftof situdiyo. A 2011 Focusrite ya fito da jan akwatin nan Scarlett, wanda ake haɗawa da kwamfuta ta USB, irin abin da mutanenmu ke kira sawunkad. Lokacin da aka ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991, mai son ɗauka mai tsabta sai ya nemi gidan rediyo ko ya hau motar babban birni. Yau ɗalibin jami'ar Aliero na iya yin aikin a ɗakin haya.

Ka ga yadda abin ya tafi: kowane zamani na'ura sauka take a farashi. Abin da bai sauka ba shi ne ɗaki, da wuta, da kunnen mai ɗauka. A Jega da Maiyama kuwa nan ne gizo ke saƙar.

Mu fara da makirfo, tunda shi ne ke cinye hankalin kowa. Iri biyu za ka tarar. Akwai kondensa, wanda kake gani a hotunan manyan situdiyo rataye cikin zobe da raga a gabansa. Akwai dainamik, irin na hannu da ake wa'azi da shi. Kondensa kunnen jemage gare shi. Zai ɗauki taushin murya, amma zai ɗauko maka ƙugin janareton maƙwabci, da hon ɗin 'yan kabu-kabu, da tirelar da ke gangarawa hanyar Koko da Yauri. Ga shi ba ya shiri da ƙura. Fatar da ke cikinsa siririya ce ƙwarai, ƙurar hunturu ta kwanta mata, damina ta zo da laima, sai ka fara jin tsart-tsart ba ka san daga ina ba. Dainamik kuwa ba ya jin na nesa sosai, yana jure faɗuwa da zafi, ba ya neman wata wuta ta daban. Shure SM58 tun 1966 ake ƙera shi kusan a yadda yake, kuɗinsa a waje wajen dala 100. In ya yi maka tsada, Behringer XM8500 bai kai rabin haka ba, kuma zai yi maka talla da karatu lafiya lau. Sai dai ka yi hattara, jabun SM58 sun cika kasuwa. Wanda aka ce maka sabo ne a kwali amma kuɗinsa bai wuce na buhun siminti ba, ka san inda aka dosa.

Ni dai ra'ayina, in shagonka na bakin titi ne, ka fara da dainamik. Kondensa irin Audio-Technica AT2020 ya jira sai ka samu ɗaki mai shiru. Shi kuma saitin nan mai ruwan zinare da ake kira BM-800, wanda ake haɗawa da ƙaramin akwatin V8 mai fitilu da maɓallin tafi da dariya, don hira kai tsaye a TikTok aka yi shi. Ya yi daidai da wannan. Amma ka karɓi kuɗin mutum ka ɗaukar masa waƙar aurensa da shi, ya je ya kunna ta bayan waƙar da aka yi a Kano a waya ɗaya, ba zai dawo ba, kuma zai faɗa wa abokansa.

Sawunkad na gaske aikinsa biyu: ya ƙara wa siginar makirfo ƙarfi ba tare da shuuu ba, ya mayar da ita lambobin da kwamfuta ke ganewa. Duba ko yana da ramin XLR, wato na waya mai haƙora uku, don ita ce ke kore ƙarar da doguwar waya ke kwasowa. Duba maɓallin 48V, wutar da kondensa ke buƙata, ko da ba yanzu za ka yi amfani da ita ba. Duba kuma ko yana barin mawaƙi ya ji muryarsa kai tsaye ba jinkiri, in ba haka ba zai riƙa saɓa wa kiɗa. Behringer UMC22 na masu ƙaramin ƙarfi ne, Scarlett na gaba da shi. Shawarata a nan guda ce: in za ka iya, sayi mai ramin makirfo biyu. Waƙarmu ta jagora da amshi ce, talla ma sau da yawa hira ce tsakanin mutum biyu. Mai rami ɗaya zai matse ka tun a watan farko.

Manyan sifikun situdiyo bar su tukuna. Hedifon mai rufaffen baya guda biyu, naka da na mawaƙi, sun wadatar. Ai aikinka ma ba a sifikar situdiyo za a saurare shi ba. A wayar Tecno ko itel za a ji shi, da ƙaramar sifikar Bluetooth ta mai shayi, da lasifikar da mai maganin gargajiya ya ɗaure kan mota ranar kasuwa. Kafin ka miƙa aiki, gwada shi a irin waɗannan. In kalmomi sun fita a can, ka gama.

Yanzu ɗaki. Shiga shagon da kake son kamawa, rufe ƙofa, ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji sautin ya yi wutsiya yana kai da komo, wannan amsa-kuwwar za ta shiga duk abin da ka ɗauka, kuma manhaja ba ta cire ta tsaf ba tare da ta taɓa muryar ba. Shagon bulo mai siminti da rufin kwano ba silin shi ne mafi wahala, ga kuwwa, ga ƙarar ruwan sama, ga zafi. Tsohon ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara ya fi shi nesa ba kusa ba, in za ka samu a cikin gari. Kada ka ɓata kuɗi kan kwalin ƙwai da ake mannawa a bango, ado ne kawai. Katifa a jingine bayan mawaƙi, barguna masu nauyi a rataye da ɗan tazara daga bango, darduma a ƙasa, labule mai kauri a ƙofa, su ne ke shanye kuwwa. Sannan ka tuna rakodar zamanin su Gambu: kusanto da baki. Faɗin yatsu huɗu tsakanin leɓe da makirfo, a ɗan karkace don kada iskar "fa" da "ba" ta buga. Duk lokacin da ka rage tazarar da rabi, muryar na ƙaruwa da kusan desibel 6, alhali hayaniyar waje na nan inda take. Wannan kyauta ne, ko sisi ba ka biya ba.

Zafin Maris da Afrilu kuwa, da ke haura digiri 40, ba yadda za ka yi da shi, dole a kashe fanka lokacin ɗauka. Shi ya sa aikin sassafe da na bayan isha'i ya fi daɗi. Ɗauki baiti biyu, a buɗe ƙofa a sha iska, a koma.

Sai wuta, wadda ita ce ke kashe kaya. Ƙaramin janareto na sa ƙugi ta hanya biyu: ta iska, da ta waya. Wani lokaci za ka ji huuum a ɗaukarka, ka zare cajar laftof sai ya ɗauke. To ga maganin nan a hannunka, ka cika batir tukuna, ka yi ɗauka a kansa, tunda sawunkad daga USB yake shan wuta. Laftof ɗin da batirinsa ke riƙe awa uku, ko da na hannu ne, ya fi maka sabo mai kyan gani da ke mutuwa cikin minti arba'in. In jari ya ƙaru, ƙaramar sola da batir da inbata mai tsabtar wuta su ne gaba, kafin kondensa, kafin sifiku.

Wajen ɗauka, zaɓi WAV, 24-bit, 48kHz. Minti ɗaya na murya guda bai kai megabait 9 ba, ba zai cika maka ma'aji ba. Kada ka bar alamar sauti ta taɓa ja, tsayar da ita wajen -12 zuwa -6, don muryar da ta fashe ba ta gyaruwa. MP3 sai a ƙarshe, wanda za ka ba mai aiki. In ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin fayil, kada ka kunna a sifika ka sake ɗauka da saƙon murya. Yin haka daidai yake da kwafin kwafi na mai kaset a tasha.

Ranar sayayya, je da laftof ɗinka da hedifon. A haɗa a gabanka, ka ɗauki muryarka na minti ɗaya, sannan ka yi shiru na daƙiƙa goma makirfo na kunne. Ƙara sauti ka saurari wannan shirun. In ka ji shuuu ya yi yawa ko tsart-tsart, a canza waya a sake. In bai daina ba, ajiye musu kayansu.